Shekel: zamanin da ake auna kuɗi a sikeli

Yaron yau ya san kuɗi da lambar da ke jikinsu: wannan dala ce, wannan jika ce. In aka ce masa an yi zamanin da mai saye da mai saidawa kowa ke zuwa kasuwa da duwatsun awo cikin jakarsa, zai zaci tatsuniya ce. Amma haka aka yi shekaru aru-aru a Gabas ta Tsakiya, kuma sunan awon shekel.

Kalmar ta fito daga wani tushe na harsunan Semitik mai ma'anar nauyi ko aunawa. Daga wannan tushen ne Larabci ya samu misƙali, awon zinariya da malamanmu ke ambata a babin zakka. Ashe kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

A Mesofotamiya, wato Iraƙi ta yau, shekel ɗaya ya ɗan haura garam 8. Shekel 60 ke yin mina, mina 60 ke yin talanti, kimanin kilo 30. Dokokin sarki Hamurabi na Babila, wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da shekel na azurfa suka yanke tara da ladan likita. A ƙasar Yahuda kuwa shekel ya fi nauyi, kusan garam 11 da rabi. An san haka ne saboda masu tonon kufai sun samo duwatsun awon da yawa, da lambar kowane a rubuce a kansa. A can shekel 3,000 ke yin talanti ɗaya, rabin shekel kuma ana kiransa beka.

A lokacin babu kuɗin ƙarfe mai tambari. Guntayen azurfa da zobba ake zubawa a sikeli. Shi ya sa Littafin Farawa, da ya zo labarin Annabi Ibrahim (AS) yana sayen kogon Makfela a Hebron don ya binne matarsa Saratu, ya nuna auna azurfar ya yi, shekel 400, gaban shaidu. In aka lissafa da dutsen Yahuda, kusan kilo 4 da rabi ke nan. Irmiya ma da ya sayi gona a Anatot, shekel 17 ya auna, aka rubuta takarda, aka sa hatimi.

Tunda kuɗi nauyi ne, duk wanda ya taɓa dutsen awo ya taɓa aljihun mutane. Amos, a ƙarni na 8 kafin Annabi Isa, ya tona asirin masu saida hatsi: su rage mudun da suke auna wa talaka alkama, su ƙara nauyin dutsen da suke karɓar azurfarsa. Cuta biyu a ciniki ɗaya. Attaura ma ta hana mutum ajiye duwatsu iri biyu a jaka, babba na saye, ƙarami na saidawa.

Sai a ƙarni na 7 kafin Annabi Isa aka fara buga kuɗi mai tambari, a Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau. Tambarin sheda ce cewa hukuma ta riga ta auna, ba sai kowa ya fito da sikeli ba. Daga baya birnin Taya, a Labanan, ya buga shekel na azurfa mai garam 14 wanda aka yarda da tsabtarsa, har da shi ake biyan harajin Haikalin Ƙudus, rabin shekel kan kowane namiji baligi. Sunan bai mutu ba: tun 1980 shi ne sunan kuɗin Isra'ila.

Malamin lissafi na da darasi a nan: a ba yara nauyin shekel su nemo na talanti. Uwaye kuma, in kun je awon hatsi da ɗanku, ku nuna masa tiya biyu da ba su zo daidai ba, ku tambaye shi wa ya ci riba, wa aka ƙwara. Tambayar da Amos ya yi ke nan shekaru fiye da 2,700 da suka wuce.