Daga Bakin Hakimi zuwa Na'ura: Zaɓen Ɗalibai a Ƙasar Gumel

Jama'a, kowace makaranta tana da ƙofa, kowace ƙofa kuwa da mai tsaronta. Abin da za mu duba yau shi ne yadda tsaron ƙofar nan ya yi ta sake hannu, da kuma abin da haka ya jawo wa yaron ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

A farkon zamanin Turawa makaranta ce ke neman yaro. Tun sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, sarakuna aka ɗora wa nauyin kawo yara. Sarki ya umarci hakimi, hakimi ya umarci dagaci. Da yake mutane suna ƙyamar boko, wani mai sarautar ya kan ɓoye ɗansa ya miƙa ɗan baransa. Gumel a lokacin tana cikin Lardin Kano, saboda haka wanda ya yi fice a elementare sai ya wuce Midil, daga nan kuma 'yan kaɗan su sami shiga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922. Mai zaɓen ya san yaro, ya san ubansa. Amfanin wannan shi ne ana ganin hali. Aibinsa kuwa, wanda ba shi da kowa a fada ba a ganinsa.

Da boko ya yi daraja, sai al'amari ya juya, masu nema suka fi gurabe yawa, takarda ta maye gurbin shaidar baki. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, kowace jami'a ita ke duba takardun masu nemanta, ta aika da amsa ta gidan waya. Sai ya zamana ɗalibi guda ya sami gurbi uku, wani bai sami ko ɗaya ba, gurabe kuma su tafi a banza. Don maganin wannan ne aka kafa hukumar JAMB cikin 1978. Daga baya aka raba gurabe a jami'o'in Tarayya kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmi. Jigawa, wadda aka ƙirƙiro cikin 1991, tana cikin waɗannan na ƙarshe.

Yanzu kuma ga zamanin na'ura. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar, daga 2017 kuwa makaranta ce ke gabatar da sunayen waɗanda ta zaɓa, JAMB ta amince, ɗalibi ya duba ta intanet ya karɓa ko ya ƙi. Kwalejin Ilmi ta Gumel ma ta wannan hanya take ɗaukar ɗalibanta. Wasiƙa ta daina ɓata a hanya, an kuma rage wa alfarma ƙarfi.

To, amma na'ura ba ta auna sai abin da aka kawo gabanta. Ba ta san yaron da ya taso a ƙauyen Gagarawa ba tare da malamin lissafi ba, ba ta san yarinyar da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Kashi 20 ɗin nan ma ba ya amfanin wanda bai ci darussa biyar ba, har da Turanci. Ashe ke nan ana yanke hukunci tun a firamare, shekaru da dama kafin a cika takardar neman shiga.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ku ma'aikata, aikin da hakimi ya yi a dā na nemo yaro daga ƙauye ya dawo wuyanku: ku kai malamai inda babu. Ku kuma ɗalibai da kuka riga kuka shige, ku waiwayi na bayanku. Allah ya sa mu dace, amin.