BABI NA UKU: TARIHIN AMFANI DA AGWAGWAR BOGI DA USUR A FARAUTAR AGWAGWAR KURMI

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin dabaru biyu da maharban Amurka ta Arewa suke yaudarar agwagwar kurmi da su, wato agwagwar bogi da usur mai kwaikwayon kuka. Haka kuma za a duba ko waɗannan dabaru ne suka kusa ƙarar da ita. Agwagwar kurmi, wadda masana kimiyya ke kira Aix sponsa, tana zaune ne a fadamu masu duhuwar itatuwa, kuma a cikin kogon bishiya take yin ƙwai.

3.1 Asalin Agwagwar Bogi

Yaudarar dabba da siffar 'yar'uwarta daɗaɗɗiyar hikima ce, kamar dai yadda maharbin Hausa ke ɗaura kan burtu don ya kusanci nama. A Amurka, 'yan asalin ƙasar ne suka fara wannan dabara. A shekarar 1924 masu binciken kayan tarihi suka tono agwagin bogi guda 11 a kogon Lovelock da ke jihar Nevada. An saƙa su ne da ciyawar fadama, aka lulluɓe wasunsu da gashin tsuntsu, kuma sun kai kimanin shekara 2,000. Da Turawa suka zo sai suka koma sassaƙa su da itace. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 abin ya zama sana'a, har masana'antar Mason ta birnin Detroit ta yi ta ƙera su daga 1896 zuwa 1924.

3.2 Samuwar Usur

Da farko da baki maharbi yake kwaikwayon kuka, ko kuma ya ɗaure agwagwa mai rai a bakin ruwa ta yi ta kiran 'yan'uwanta. A 1870 wani mai suna Elam Fisher, mutumin Detroit, ya yi rajistar mallakar usur na kiran agwagwa. Sai dai Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Agwagwar kurmi ba ta yin "kwak-kwak" irin na sauran agwagi. Macen takan yi wata siririyar ƙara mai tashi sama, namijin kuwa ɗan fito yake yi a hankali. Wannan ne ya sa aka ƙera mata usur nata na daban.

3.3 Raguwarta da Matakan Hukuma

A farkon ƙarni na 20 agwagwar kurmi ta yi ƙaranci ƙwarai, har masana suka ji tsoron za ta ƙare. Idan aka lura da ɗabi'arta za a ga cewa laifin bai rataya a kan agwagwar bogi da usur kaɗai ba. Ita tsuntsuwa ce da takan tashi da asubar fari ta nufi inda ta saba kiwo, kuma ba kasafai take karkata don kira ba. Abin da ya fi yi mata illa shi ne sare manyan itatuwa masu kogo, da busar da fadamu, da kuma masu harbi don kasuwa waɗanda ba su ƙyale ta ko a lokacin ƙwai ba.

A 1916 Amurka da Birtaniya, a madadin Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura. Dokar 1918 ta tabbatar da ita, aka kuma haramta harbin agwagwar kurmi baki ɗaya. A 1935 aka hana amfani da agwagwa mai rai a matsayin tarko, da kuma zuba hatsi don jawo tsuntsaye. Wannan hani ya ƙara wa agwagwar bogi da usur daraja, domin su ne suka rage a hannun maharbi. A ƙarshen shekarun 1930 aka fara kafa akwatunan katako a madadin kogon bishiya, aikin da Frank Bellrose na jihar Illinois ya yi fice a kansa. Sai a 1941 aka sake ba da izinin harbinta a wasu jihohi, shi ma guda ɗaya tak a rana.

3.4 Yadda Ake Amfani da Su a Yau

A yau maharbi yakan isa fadama tun da duhu, ya jera agwagin bogi kaɗan, kamar shida zuwa goma sha biyu, a ɗan sararin ruwa tsakanin itatuwa. Yakan ja su da igiya don ruwan ya motsa, ya kuma busa usur jefi-jefi. Duk da haka, sanin inda tsuntsun yake sauka ya fi kayan yaudara muhimmanci.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa agwagwar bogi ta girmi usur da ƙarnoni masu yawa, kuma doka ce ta fayyace matsayinsu na yau. An kuma ga cewa ɓarnar muhalli da harbin kasuwa ne suka fi cutar da agwagwar kurmi, sannan hani da akwatunan ƙwai, tare da farfaɗowar kurmi, suka dawo da ita.