Tarin Kare a Garin Kuza

Kakana ya yi gadi a gidan wani Bature mai haƙar kuza a Rayfield, nan Jos, kuma a bakinsa na fara jin cewa kare ma yana da likita. Ya ce ranar da ya ga an sa karen maigidansa a mota an nufi Vom da shi, riƙe baki ya yi. A wurinmu kare na gadi ne ko na farauta. In ya yi ciwo, ya warke da kansa ko a tsinci gawarsa a bayan gida.

Ita ma Vom ɗin ba don kare aka gina ta ba, shanu ne suka kawo ta. A Zariya aka fara buɗe sashen kula da dabbobi a 1913, sai a 1924 aka dawo da aikin bincike Vom, kudu da Bukuru, lokacin da bushiya ke ƙarar da garkunan Fulani, gwamnati kuma tana kallon jangalinta yana zubewa. Kare ya shigo daga baya, ta ƙofar hauka, da aka soma haɗa allurar rigakafin haukan kare a can. Har gobe in ka tambayi mai kare a Tudun Wada ko ya kai shi wurin likita, zai ce maka "an yi masa allura", kuma wannan yake nufi.

Ni ma iya abin da na sani ke nan, sai da karenmu, wanda aka kawo mana daga wajen Lafiya, ya fara wani busasshen tari. Ya rame, ya daina bin yara bakin ƙofa, da ya ɗan zagaya tsakar gida sai haki. Likitan dabbobi ya ɗiga jininsa a gilashi, ya ce in leƙa madubi. Na ga wasu siraran abubuwa suna mutsu-mutsu a cikin jinin. Ya ce 'ya'yan tsutsar zuciya ne, iyayen suna kwance a jijiyoyin huhu da zuciya, farare kamar taliya, macen takan kai santimita 30. Sauro ke ɗaukar 'ya'yan daga kare zuwa kare, su yi wata shida suna girma babu wata alama. Kyanwa ma tana kamuwa, ita kam tsutsa ɗaya ko biyu sun isa su shaƙe ta. Na tuna ramukan kuza da Turawa suka bar mana cike da ruwa, da kwatamin unguwarmu, na daina yarda cewa sanyin Jos ya raba mu da sauro.

Tun 1856 Joseph Leidy ya yi bayanin wannan tsutsa a Amurka, amma abin da ya fi taɓa ni maganin rigakafinta ne. Ivermectin sunansa, kuma shi ne Mectizan ɗin da aka yi shekaru ana rabawa a ƙauyukan Filato da Nasarawa, da taimakon ofishin Cibiyar Carter na nan Jos, don tundurmi da makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa. Da sanda ake auna tsayin mutum a ba shi ƙwayar. Goggona ta sha.

Namu karen bai ci moriyarsa ba, don rigakafin ba ya kashe tsutsar da ta riga ta girma. Kafin damina ta ƙare muka binne shi a gindin mangwaro.