BABI NA BIYU: MANUFAR IKILISIYA DA AIKIN KAI BISHARA A AREWACIN NIJERIYA, 1857-1976

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi abin da Kiristoci suka ɗauka a matsayin manufar Ikilisiya, da yadda wannan manufa ta kawo 'yan mishan Arewacin Nijeriya. Haka kuma za a nuna cewa ko da yake Turawa ne suka buɗe yawancin tashoshin mishan, aikin bai kankama ba sai da ya koma hannun 'yan ƙasa. Wannan batu yana da muhimmanci, domin sau da yawa akan ɗauka cewa mulkin mallaka ne ya share wa mishan hanya a ko'ina, alhali tarihi bai nuna haka kai tsaye ba.

2.1 Ma'anar Ikilisiya da Manufarta

Kalmar Ikilisiya ta samo asali ne daga harshen Girkanci, inda take nufin taron jama'ar da aka kira. Ke nan a wurin Kiristoci Ikilisiya jama'ar masu bi ce, ginin da ake taruwa a ciki kuwa shi ne majami'a ko coci. Ayyukanta sun haɗa da sujada da koyarwa da zumunta da taimakon mabukata da kuma kai bishara ga waɗanda ba su ji ba. Wannan na ƙarshe ya dogara ne a kan umurnin da ke ƙarshen Linjilar Matiyu, sura ta 28, inda Yesu Almasihu ya aiki almajiransa zuwa ga dukkan al'ummai. Bisa wannan fahimta, Ikilisiyar da ta tsaya ga hidimar 'ya'yanta kaɗai ba ta cika manufarta ba.

A ƙarni na 19, Henry Venn, sakataren ƙungiyar C.M.S. ta Ingila daga 1841 zuwa 1872, ya tsara wannan manufa a aikace. A ganinsa, burin mishan shi ne a kafa Ikilisiyar 'yan ƙasa mai mulkin kanta, mai ɗaukar nauyin kanta, mai kuma yaɗa kanta. Idan an cim ma haka, sai ɗan mishan ya tattara kayansa ya yi gaba. Da wannan ma'auni za a auna abin da ya faru a Arewa.

2.2 Yunƙurin Farko

A shekarar 1857 C.M.S. ta kafa mishan na Kogin Kwara a ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga bauta, wanda ya zama bishop a 1864. Ma'aikatansa baƙaƙen fata ne, yawancinsu daga Saliyo. Ya kafa tasha a Lakwaja, ya kuma ƙulla kyakkyawar hulɗa da Etsu Masaba na Bida. Sai dai a 1890 wasu matasan Turawan mishan suka zargi ma'aikatansa da rashin cancanta, aka sallami da yawa daga cikinsu. Crowther ya rasu a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Wannan ya mayar da manufar Venn baya na tsawon shekaru.

A 1893 wasu samari uku, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya tsira, kuma sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda daga baya aka sani da S.I.M., ta samu kafa tasha a Patigi. A 1900 kuma Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller sun isa Kano, amma Sarki Alu ya umurce su da su fice daga birnin cikin 'yan kwanaki. A 1904 Karl Kumm ya kawo ƙungiyar S.U.M. zuwa Wase.

2.3 Matsayin Turawan Mulki

Bayan cin Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Jami'an da suka biyo bayansa sun fassara wannan alkawari da hana 'yan mishan zama a manyan biranen masarautu, domin mulkinsu ya dogara ne ga sarakuna. Zariya na cikin 'yan biranen da suka fita daban, inda Miller ya zauna daga 1905, amma shi ma an mayar da tasharsa Wusasa, bayan gari, a 1929.

Sakamakon haka shi ne 'yan mishan da suka zo da niyyar wa'azi ga Hausawa da Fulani suka karkata ga al'ummun da ke bin addinan gargajiya a Filato da kudancin Zariya da Adamawa da Binuwai. Misali, 'yan mishan na Denmak sun sauka a Numan a 1913, na Cocin 'Yan'uwa daga Amurka kuma a Garkida a 1923. Ƙasashen masarautu kuwa sai a shekarun 1930 aka samu shiga sosai, ta hanyar jinyar kutare a wurare irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina.

2.4 Harshen Hausa da Ma'aikata 'Yan Ƙasa

Yankunan da mishan ya karkata gare su suna da harsuna masu yawan gaske, kuma ba zai yiwu a fassara Littafi Mai Tsarki cikin kowanne ba. Saboda haka ƙungiyoyin suka rungumi Hausa a matsayin harshen koyarwa da sujada. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da babbar gudummawa a kansa. A 1934 S.U.M. ta buɗe makarantar horar da masu bishara a Gindiri, S.I.M. ma tana da tata a Kagoro.

Waɗanda suka fito daga irin waɗannan makarantu su ne suka kai saƙon ƙauyukan da Bature bai taɓa takawa ba. Mai bishara yakan tare da iyalinsa a ƙauye, ya yi noma don ciyar da kansa, ya koyar da karatu da yamma, ya kuma jagoranci sujada ranar Lahadi. Ta haka Hausa, wadda aka koya da nufin isa ga Hausawa, ta zama harshen da ya haɗa Kiristocin Angas da Birom da Bachama da Bajju a majami'a ɗaya.

2.5 Ikilisiyar Gida ta Zama Mai Aikawa

A ƙarshen shekarun 1940 majami'un S.I.M. suka kafa ƙungiyar mishan ta 'yan ƙasa, wadda daga baya aka sani da E.M.S., tana aika ma'aikata da kuɗin da masu bi suka tara. A 1954 majami'un suka dunƙule suka zama E.C.W.A. A 1955 kuma majami'un da suka fito daga rassan S.U.M. da Cocin 'Yan'uwa suka kafa Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan, wadda ta koma TEKAN daga baya. A ƙarƙashin jagorancin Fasto Panya Baba, daga 1970, E.M.S. ta bunƙasa har ta aika ma'aikata wajen Nijeriya. A 1976 S.I.M. ta miƙa ragamar ayyukanta ga E.C.W.A.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa manufar kai bishara ce ta kawo 'yan mishan Arewa, amma manufofin Turawan mulki ne suka tantance inda za su zauna. An kuma ga cewa sharuɗɗa ukun da Venn ya shimfiɗa ba su cika a tare ba. Yaɗa kai ne ya fara samuwa ta hannun masu bishara na ƙauye, mulkin kai kuwa ya jinkirta har bayan samun 'yancin Nijeriya. A babi na gaba za a dubi tasirin makarantun mishan ga rubutun boko da adabin Hausa.