Asalin Kalmar Ruwa a Girkancin Zamani

Girkawan dā, na zamanin Aflatun da Aristo, suna kiran ruwa *hudor*. Girkawan zamani kuwa *nero* suke cewa. Wannan kalma ba aro ba ce daga wani harshe, a cikin Girkanci aka haife ta, amma ta wata hanya mai ban mamaki.

Da farko sifa ce kurum. Mutane sukan ce *nearon hudor*, watau sabon ruwa, wanda aka ɗebo yanzu daga rijiya ko marmaro, ba kwantaccen cikin tulu ba. Da yake kowa sabon ruwa yake nema ya sha, sai sifar ta manne wa sunan, baki ya taƙaita ta ta koma *neron*. A ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa wani malamin nahawu, Firinikus, ya sa wannan lafazi cikin jerin kurakuran da ya hana almajirai, domin ya saɓa wa harshen mutanen Atina na dā. Hanin nan nasa shi ne shaidar cewa lafazin ya riga ya bazu. A zamanin daular Rumawa ta Gabas sai aka yar da *hudor* daga maganar yau da kullum, sifa ta gaji gidan suna. Haka kuma *krasi*, wadda asalinta gauraye ne, ta ture *oinos*, tsohon sunan giyar inabi.

Waɗansu masana na dā sun danganta *nero* da Nereus, dattijon teku na tatsuniyoyin Girkawa, amma mafi rinjayen ra'ayi shi ne na sabon ruwa.

Kalmar ta yi rassa. Jam'inta, *nera*, yana nufin ruwayen teku, da kuma zanen da ake gani a jikin katako ko marmara. In aka ce mutum ya rasa ruwayensa, ana nufin ya rikice a baƙon wuri, kamar kifi a tudu.

*Hudor* ba ta mutu sarai ba. Ta zauna a coci da kalmomin kimiyya da harshen hukuma, har 1976, lokacin da gwamnatin Girka ta mai da harshen jama'a ya zama na mulki da makaranta. Abin lura ga malami shi ne, kalmar da Firinikus ya kira kuskure ita ce yau yaro ke fara koyo a makarantun Atina.