Surame: Birnin Dutse na Kanta, Sarkin Kabi

Surame kufai ne na tsohon babban birnin daular Kabi, yana cikin ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato a yau. Muhammadu Kanta ne ya gina shi a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga daular Songhai.

Kanta ya fara ne a matsayin jarumi mai taimakon Askiya Muhammadu. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya nuna cewa sun ɓata ne a kan rabon ganima, bayan yaƙin Agadas, wajen shekarar 1516. Askiya ya turo runduna, ba ta ci nasara ba. Wani Askiyan da ya biyo baya, Muhammadu Bunkan, shi ma ya gwada, ya koma da kunya. Wanda ya yi gaba da daula irin Songhai kuwa ba zai kwana a fili ba, don haka Kanta ya dukufa ga ginin garuruwa masu ganuwa: Leka, Gungu da Surame.

Abin da ya bambanta Surame da Kano ko Katsina shi ne kayan gini. Ganuwar waɗancan birane ta ƙasa ce, ta Surame kuwa an jera duwatsu ne aka haɗa su da jar laka, zagaye cikin zagaye, har ya zama maharin da ya keta katanga ɗaya zai tarar da wata a gabansa. Labarin baka ya ce kowace al'umma da ke ƙarƙashin Kanta an yanka mata nata ɓangaren aiki. An ce Azbinawa sun yi ta jigilar ruwa a bayan raƙuma, su kuwa Nufawa da suka makara aka hukunta su da kwaɓa lakarsu da man kaɗanya. Ko an ƙara wa labarin gishiri, yana nuna yadda aikin ya gudana: talakawan ƙasashen da aka ci da yaƙi ne suka ɗauki dutsen. Haka Wiliyam na Nomandi ya yi bayan ya cinye Ingila a 1066, ya sa mutanen ƙasar suka tara masa tuddai aka kafa sansanoni a kansu, kafin a fara ginin hasumiyar dutse ta Landan wajen 1078.

Ƙarfin Surame bai tsaya ga katanga kawai ba. Birnin yana kusa da fadamar Gulbin Kabi, kogin da ke gangarawa kudu ya zuba cikin Kwara a yankin Bagudo. Daga nan zuwa Illo da iyakar Jamhuriyar Benin ƙasar Dandi ce da Bargu, wato bakin daular Songhai ta kudu, kuma ta wannan yanki fataken goro suka riƙa ƙetare Kwara zuwa Gwanja. Wanda ya riƙe gulbin ya riƙe hanyar ciniki da ta yaƙi gaba ɗaya.

Kanta ya rasu wajen 1556, bisa ruwaya sakamakon harbin kibiya a ƙasar Katsina, yana hanyar dawowa daga yaƙi da Barno. Magadansa sun zauna a Surame har farkon ƙarni na 18, lokacin da matsin Gobirawa da Zamfarawa da Azbinawa ya sa aka koma Birnin Kabi. Wannan ma ya faɗa hannun Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, daga baya sarautar Kabawa ta kafu a Argungu.

Gwamnati ta ayyana Surame a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 Najeriya ta sa shi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu yana ajiye makamai da tambura na sarakunan Kabi.