Ma'adana mara waya: yadda ake kallon bidiyo a kwamfutar hannu ba tare da data ba

Ma'adana mara waya wata 'yar na'ura ce ta ajiyar bayanai, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba. A cikinta akwai rumbun ajiya, da batir, da kuma ɓangaren da ke watsa siginar Wi-Fi ta ƙashin kanta. Da zarar an kunna ta, kwamfutar hannu, wadda aka fi sani da tablet, ko wayar salula, za ta iya haɗuwa da ita ta iska, a buɗe bidiyon da ke cikinta a kalla. Ba a buƙatar layin waya, ko data, ko sabis na wani kamfanin sadarwa.

Abin da ya kamata mai saye ya fara ganewa shi ne, ma'adanar ba ta nuna bidiyo da kanta. Aikinta miƙa fayil kawai. Karanta fayil ɗin da fito da hoto da sauti aikin kwamfutar hannu ne da manhajar da ke kanta. Galibin matsalolin da ake ɗora wa ma'adanar daga nan suke tasowa.

Amfaninta a wuri irin Zonkwa

Zonkwa ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf a kudancin Jihar Kaduna, kuma mazaunin masarautar Bajju. Kamar sauran garuruwan yankin, tana kewaye da ƙauyuka inda sabis ke rauni, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Ga tsadar data: a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Lissafin a bayyane yake. Bidiyo mai matsakaicin kyau, wanda ake kira 720p, idan yana gudana a kan megabit 2.5 a daƙiƙa, yakan ci kimanin gigabait 1.1 a awa guda. Idan ɗalibai 30 kowanne zai sauke darasin awa ɗaya a wayarsa, an ƙone fiye da gigabait 33. Idan kuwa malami ya sauke sau ɗaya ya zuba a ma'adana, gigabait 1.1 ɗin nan kaɗai aka biya. Ma'adana mai ɗaukar terabait ɗaya za ta riƙe fiye da awa 800 na irin wannan bidiyo.

Wannan ya sa na'urar ta dace da malamin da ke shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB, da ma'aikaciyar lafiya da ke wayar da kan mata masu juna biyu, da jami'in gona da ke nuna wa manoman citta yadda ake adana iri. Haka nan masu naɗar tarihi da waƙoƙin gargajiya cikin harsunan Jju da Tyap za su iya yawo da ajiyarsu daga gari zuwa gari.

Tunanin kai ilimi inda intanet bai isa ba ya daɗe a yankin. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take aiki a Kafanchan, ta shimfiɗa hanyar sadarwa mara waya ta al'umma mai suna ZittNet a shekarun 2000. Shirin eGranary kuwa, wanda ya faro a Jami'ar Iowa ta Amurka kuma yake tattara miliyoyin takardu a rumbu guda domin makarantun da ba su da intanet, ya samo asali ne daga wahalar sadarwa da aka gani a Jami'ar Jos. Ma'adanar aljihu ƙaramin samfuri ce ta wannan dabara.

Taƙaitaccen tarihi

Kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, ba tare da ramin saka memori ko filash ba. Wannan giɓi ne ya buɗe kasuwa. A 2011 kamfanin Seagate ya fito da GoFlex Satellite mai gigabait 500, Kingston kuma ya fito da Wi-Drive. A 2013 Seagate Wireless Plus mai terabait ɗaya ta biyo baya, sai My Passport Wireless ta Western Digital a 2014, da SanDisk Connect Wireless Stick a 2015.

Daga baya kasuwar ta ja baya. A 2019 tsarin iPadOS 13 ya ba iPad damar karanta filash da rumbun waje kai tsaye, yawancin na'urorin Android kuma sun daɗe suna yin haka ta igiyar OTG. Saboda haka da yawa daga cikin ma'adanan da ake gani yanzu tsofaffin samfura ne ko na hannu. Fifikon da ya rage musu shi ne mutane da dama na iya kallo lokaci guda, abin da igiya ba ta bayarwa.

Yadda ake haɗawa

Ana fara zuba bidiyon a ma'adanar ta igiyar USB daga kwamfuta, domin ya fi sauri nesa ba kusa ba. Bayan an cire igiyar sai a kunna ta, a shiga saitin Wi-Fi na kwamfutar hannu, a zaɓi sunan ma'adanar, a saka kalmar sirri.

Daga nan hanyoyi uku ne. Ta farko, manhajar kamfanin da ya ƙera ma'adanar. Ta biyu, burauza, inda ake rubuta adireshin da ke cikin littafin na'urar. Ta uku, manhajar kallon bidiyo mai zaman kanta, wadda ke gano ma'adanar ta ƙa'idojin musayar fayil na SMB ko DLNA, idan ma'adanar tana da su. Ta ukun ce ta fi ƙarko, domin ba ta dogara da ko kamfani yana ci gaba da sabunta manhajarsa ba. Mafi shahara a wannan fanni ita ce VLC, manhajar kyauta ta ƙungiyar VideoLAN, wadda ta faro a matsayin aikin ɗalibai a wata makarantar injiniya a Faransa.

Dalilan da ke hana bidiyo buɗewa

Kowane fayil na bidiyo yana da abubuwa biyu: mazubi da kuma salon matsa hoto da sauti da ke cikinsa. MP4, MKV da AVI sunayen mazubi ne. H.264 na 2003, da H.265 na 2013, da AV1 na 2018 salon matsa hoto ne. Kamar buhu ne da abin da aka ɗura a ciki: fayil biyu za su iya ɗauke da sunan MP4, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya ƙi.

Manhajar da ke zuwa da iPad tana karɓar MP4, MOV da M4V, amma ba ta buɗe MKV. Tsofaffin na'urori da masu araha sukan sha wahala da H.265 da AV1, sai hoto ya riƙa tsayawa, batir ya yi zafi. Idan hoto ya fito babu sauti, sau da yawa an matsa sautin ne da salon DTS ko AC3 wanda manhajar ba ta karantawa. Gwada fayil ɗin a VLC shi ne matakin farko. Idan ya ci gaba da gardama, ana juya shi a kwamfuta da manhajar kyauta irin HandBrake zuwa MP4 mai hoton H.264 da sautin AAC, haɗin da kusan kowace na'ura ke karɓa.

Akwai kuma batun tsarin rumbun. Wanda aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Tsarin exFAT ba shi da wannan iyaka, amma sauya tsari yana goge duk abin da ke ciki, don haka sai an kwafe komai tukuna, an kuma tabbatar ma'adanar tana karanta sabon tsarin.

Wata matsalar ta Android ce. Idan na'urar ta lura cewa Wi-Fi ɗin ba shi da intanet, takan sake shi ta koma kan data. Maganin shi ne a kashe data, ko a amince da saƙon da ke tambaya ko a ci gaba da zama a kan haɗin.

Yawan masu kallo da tazara

Siginar ma'adana rabawa ake yi tsakanin masu kallo. Seagate ya bayyana cewa Wireless Plus na haɗuwa da na'urori takwas, amma bidiyo mai inganci sosai uku kawai take iya turawa lokaci guda. Don haka aji mai cike da ɗalibai ya fi dacewa a raba shi rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwamfutar hannu ɗaya, a kuma rage nauyin bidiyon zuwa 480p ko 720p. Bangon bulo da ƙofar ƙarfe suna raunana sigina, shi ya sa ake ɗora ma'adanar a kan tebur a tsakiyar ɗaki.

Kula da na'urar

Batirin sabuwar ma'adana yakan yi awanni da dama, amma yana raguwa da tsufa, zafin rana kuma yana saurin kashe shi. Ana iya yi mata caji da ƙaramin sola ko batirin ajiya na waya. Mai rumbu mai juyawa a ciki ba ta jure faɗuwa ko girgizar babur a kan hanya mai gargada idan tana kunne, sai a kashe ta kafin tafiya. Wadda ke amfani da memori ko SSD ta fi juriya. Ƙurar hunturu da laimar damina kuwa, jaka mai zip ta ishe su. Duk abin da ba a son rasawa a ajiye kwafinsa a wani wuri dabam.

Tsaro da doka

Wasu ma'adanan suna fitowa daga kamfani babu kalmar sirri, ma'ana duk wanda ke kusa zai iya shiga ya kwafa ko ya goge. Saka kalmar sirri mai ƙarfi shi ne aikin farko, musamman idan akwai hotunan iyali ko bayanan marasa lafiya a ciki.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta kwafa da rarraba aikin wani ba da izininsa ba, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita. Wannan ya shafi finafinan Kannywood da Nollywood da ake turawa a shaguna. Akwai darussa masu yawa da masu su suka ba da izinin rabawa kyauta, irin waɗanda shirye-shiryen Kiwix da RACHEL ke tattarawa domin amfani ba tare da intanet ba.

Kafin a biya kuɗin ma'adana, musamman ta hannu, yana da kyau mai saye ya je da kwamfutar hannun da zai yi aiki da ita, a kunna bidiyo a gabansa na aƙalla minti goma, ya duba ƙarfin batir, ya kuma tabbatar VLC tana ganin fayilolin ba tare da manhajar kamfani ba.